Cin abinci tare a wurin aiki: yana gyara tsakanin ma'aikata ko ɓarnar kuɗi ce kawai?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace an ba shi riƙon wani sashe mai mutum 14 a wurin aikinsu, aiki dai yana tafiya amma mutanen kamar fasinjojin da suka haɗu a mota ɗaya suke, lokacin hutun rana kowa zai buɗe kularsa a kan teburinsa, cokali a dama waya a hagu, kuma da abu kaɗan ya faru sai a rubuta imel a saka shi a kwafi, wato a tura masa shi ma ya gani. Yana tunanin ya nemi a ware kuɗi a riƙa haɗa su cin abinci, amma yana tsoron na sama su ce ɓarna ce. Wai shin abun yana aiki da gaske?

Toh ɗan'uwa, yana aiki, amma ka dakata da rubuta takardar neman kuɗin nan tukuna. Na daɗe ina aikin kula da ma'aikata da horar da shugabannin sashe, kuma kuskuren da na fi gani (ni ma na tafka shi, zan zo kansa) shi ne a ɗauka cewa abincin ne maganin, sai a kashe kuɗi a yi liyafa sau ɗaya a shekara, a ɗau hoto, washegari kowa ya koma yadda yake. Abun da yake ɗinke mutane shi ne zaman da ake maimaitawa, wuri ɗaya lokaci ɗaya, yau da gobe, ba ajanda kuma ba wanda aka tilasta. Abinci shi ne dai dalilin da ya fi sauƙin zaunar da mutane, tunda ko wanda baya son surutu dole yunwa ta kama shi.

Kalmar kamfani ɗin nan da muke faɗa kullum, in ka bi asalinta har Latin, daga kalmomi biyu ta fito, ɗaya "tare" ɗaya "burodi". Wato abokin tafiyarka shi ne wanda kuke gutsurar burodi ɗaya. Ba hujja ba ce, amma dai tana nuna abun ba sabo ba ne.

Binciken da aka fi ambata a wannan fannin na Kevin Kniffin ne da abokan aikinsa na jami'ar Cornell a Amurka, ya fito a 2015. Sun shafe wata 15 suna bin ma'aikatan kashe gobara na wani babban birni mai tashoshi sama da 50, suka tambayi shugabanni 395 su ba rukuninsu maki kan yadda suke aiki, sannan aka tambaye su sau nawa rukunin yake cin abinci tare. Rukunan da suka fi yawan ci tare su suka fi samun maki. Abun da ya fi burge ni ma ba makin ba ne. Hukuma bata ba su abinci, su suke haɗa kuɗinsu, su yi cefane, su dafa, su wanke kwanuka, kuma akwai waɗanda sai sun ci a gida sannan su zo tasha su sake zama a ci da su, dan kar a ga sun ware kansu. A tashoshin da ba a ci tare kuwa, in aka tambaye su dalili sai kaga suna jin kunya, su da kansu sun san alama ce ta akwai abun da ya lalace a tsakaninsu.

Sai dai kar in ruɗe ka, irin wannan binciken yana nuna abu biyu suna tafiya tare ne, bai raba maka wanne ya haifi wanne ba. Zai iya zama waɗanda dama suke shiri su ne suke son zama tare. A ganina duka biyun ne, shiri yana kawo zama, zama yana ƙara shiri, kuma kai shugaba ɓangaren zaman ne kawai yake hannunka, baka da ikon ka umarci mutum biyu su so juna amma kana da ikon ka sa hutunsu ya zo lokaci ɗaya.

Kuma an gwada wannan ɗin kai tsaye. Alex Pentland na jami'ar MIT da mutanensa sun yi aiki da cibiyar amsa kiran kwastomomi ta wani babban banki a Amurka, inda aka saba kowa ya tafi hutun shan kofi shi kaɗai dan kar layi ya tsaya. Suka ba da shawarar a bar 'yan rukuni ɗaya su riƙa fita hutu tare. Ba a ƙara musu ko minti ɗaya ba, ba a ƙara albashi ba, jadawali kawai aka juya. Lokacin da ake ɗauka kafin a sallami kwastoma ya ragu da kashi 8 cikin 100 a cibiyar gaba ɗaya, a rukunan da suke baya kuwa ya ragu da sama da kashi 20. Me ya faru? Hira. Wanda ya san dabarar shawo kan kwastoma mai faɗa ya faɗa wa wanda bai sani ba, a tsaye, da kofi a hannu, abun da ba zai taɓa rubutawa a rahoto ba.

Bari in baka wanda na gani da idona. A wani wuri da na yi aiki akwai akanta da mai kula da sito, kusan shekara biyu basa ga maciji. Ita tana cewa kullum sai ya kawo takardun karɓar kaya a makare, shi kuma yana cewa ta raina shi, komai sai ta saka manaja a kwafi. An yi musu mitin ɗin sulhu har sau biyu, kowa ya zo da fayil ɗinsa, aka tashi an yi ba a yi ba. Ana nan sai aka rufe ofishin akanta na sati biyu dan gyaran rufi, dole ta riƙa kawo abincinta ɗakin da 'yan sito suke ci. Kwana uku na farko ko kallon juna basa yi. Rana ta huɗu yana ci wayarsa ta yi ƙara, ya ajiye cokali yana ta fama da direba, ashe motocin kaya basa isowa sai bayan ƙarfe huɗu, shi kuma ba zai sa hannu a takarda ba sai ya ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ƙarfe huɗu take rufe lissafin ranar. Da ya ajiye wayar sai tace, "Malam, dama kullum haka suke maka?" Yace, "Hajiya kullum, ai ni na ɗauka kin sani." Bata sani ba. Shekara biyu! A teburin nan suka yanke cewa kayan yamma su shiga lissafin washegari, magana ta mutu. A mitin ɗin sulhu kowa ya zo kare kansa ne, a tebur kuwa ba wanda ake tuhuma, shi ya sa kunnenta ya buɗe.

Kaga in mutum sunansa kawai kake gani a saman imel, duk abun da ya yi sai ka fassara shi da mugunta, ya makara dan ya raina ka ne, ya yi gajeren rubutu dan yana fushi ne. Amma in kun saba zama, ka san yaronsa ba lafiya wannan satin, ka san haka yake magana da kowa, sai uzuri ya riga zargi zuwa. Kuma tambaya tana sauƙi, sabon ma'aikaci da zai ji nauyin ya ƙwanƙwasa ofishin babba ya tambayi abun da yake ganin za a ce bai iya ba, a tebur cikin raha zai jefa tambayar ya wuce. Wurin aikin da ƙananan ma'aikata suke iya cewa "ban gane ba" ko "na yi kuskure" ba tare da gabansu ya faɗi ba, shi ne wurin da ake kama matsala tun tana ƙarama.

Akwai wani labari na Bell Labs, cibiyar binciken nan ta Amurka inda aka ƙirƙiro tiransisto (ɗan ƙaramin abun nan da rediyo da kwamfuta suke aiki da shi) a 1947. Lauyoyinsu masu rajistar ƙirƙira sun taɓa zama su duba me ya sa wasu masu bincike suka fi wasu yawan ƙirƙira, ba su samu amsar a makarantar da suka yi ba, abun da ya haɗa su shi ne sukan yi karin kumallo ko abincin rana da wani injiniya mai suna Harry Nyquist. Ba wai yana raba musu basira ba ne, tambayoyi yake musu har su da kansu su gano inda suka dosa. Kusan kowane wurin aiki akwai irin wannan mutumin, wataƙila a cikin 14 ɗinka akwai, amma in kowa yana ci shi kaɗai ba wanda zai amfana da shi.

Har yadda aka zuba abincin yana da tasiri. Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach sun fitar da wani gwaji a 2019, suka haɗa mutanen da ba su san juna ba biyu biyu, wasu aka ba su abun taɓawa a kwano ɗaya wasu kowa da nasa, sannan aka ce ɗaya ya zama shugaban kamfani ɗaya wakilin ƙungiyar ma'aikata su yi cinikin albashi, kowane zagaye da ba a daidaita ba kwana ɗaya ne na yajin aiki. Masu kwano ɗaya sun daidaita a wajen kwana 9, masu kwano daban sai da suka kai 13. Dalilin a fili yake, in hannunku yana shiga wuri ɗaya dole ka lura da nawa ka ɗiba nawa ka bar masa. Gwajin ɗaki ne dai, kar ka je kace kowa ya juye kularsa a faranti ɗaya, amma ko wani ɗan abu ne aka ajiye a tsakiyar tebur kowa yana miƙa hannu, zaka ga bambanci.

Yanzu bari in zo inda abun yake ɓaci, dan a nan na fi so ka natsu.

Farkon aikina na karanta irin waɗannan abubuwan sai kaina ya yi zafi, na tsara cewa duk ranar Laraba dole kowa ya hallara a ci abincin rana tare, har da rajistar sa hannu, kuma na roƙi babban oga ya riƙa zuwa. Ya zauna a kan tebur ta can sama, kowa ya yi tsit, ba abun da kake ji sai ƙarar cokali. Can sai ya share baki ya kalli wani yaro yace, "Yauwa, ina rahoton da nace ka kawo?" Wallahi yaron nan loma ce a bakinsa ya kasa haɗiyewa. Sati na uku mutane suka fara samun uzuri, wannan zai je banki, wancan kansa na ciwo, ashe har suna suka sa wa abun, wai mitin mai miya. Ni da na zo gyara sai na ƙwace musu awa ɗayan da suke da ita ta kansu a yini na mayar da ita aiki.

Daga baya na ga bincike ya faɗi abun da na koya da wahala. John Trougakos na jami'ar Toronto da abokansa, a 2014, sun duba yadda ma'aikata suke kashe hutun rana da irin gajiyar da suke tashi da ita. Suka ga cewa hira da mutane lokacin hutu, in ba mutum ne ya zaɓa da kansa ba, ƙara masa gajiya take zuwa yamma. Ai dole, zama da oga a tebur aiki ne, kana auna dariyarka kana auna lomarka. Dan haka duk abun da zaka yi ka bar ƙofa a buɗe, wanda ya zo bismillah, wanda yau yake so ya zauna shi kaɗai ko ya fita ya sha iska kar a bi shi da "yau ba mu ganka ba". Akwai mutanen da shiru ne hutunsu, kuma ba su fi kowa rashin son jama'a ba.

Abu na biyu, tebur yana haɗawa kuma yana warewa. In kullum mutum huɗu ne suke fita cin abinci da shugaba, to ka sani nan ne ainihin mitin ɗin, sauran sai dai su ji an yanke. Zoë Cullen da Ricardo Perez-Truglia sun bi bayanan wani babban banki a Asiya, sakamakon ya fito a 2023, suka ga maza in aka ba su manaja namiji sun fi saurin samun ƙarin girma, kuma masu shan sigari in aka ba su manaja mai shan sigari su ma haka, saboda suna fita hutu tare, ba dan an ga aikinsu ya ƙaru ba. Kaga nan zaman tare ya zama hanyar son kai, baki ya ci ido ya ji kunya. Kai da kake shugaba ka fi kowa buƙatar lura da wannan, in zaka zauna da su ka riƙa sauya kujera, kuma maganar ƙarin girma ko rabon aiki kar ta taɓa ƙarewa a kan abinci. Shi ya sa ma na fi son abincin rana a kan fita bayan an tashi, dan fitar dare tana zubar da masu ɗauko yara da masu nisan gida da waɗanda wurin da za a je bai dace da su ba.

Na uku kuwa ba kasafai ake faɗarsa ba. Akwai wani ƙaramin ma'aikaci da na lura duk ƙarshen wata in an zauna ci sai yace ya ƙoshi, ya ɗau wayarsa ya fita kamar ana kiransa. Ba ƙoshi ba ne, babu ne, kuma ba zai zauna a gaban masu buɗe kula hawa uku ba yana kallo. Albashin mutanen da suke tebur ɗaya ba ɗaya ba ne, in kace a riƙa karo-karo daidai wa daida ko a je wuri mai tsada a raba kuɗi, ka kori na ƙasa ba tare da ka buɗe baki ba. In akwai ɗan kuɗin da zaka nema, a nan zai yi amfani, wani abu mai sauƙi a tsakiyar tebur wanda na kowa ne, yadda wanda bai zo da komai ba zai zauna ba wanda ya gane. Haka masu azumi, masu ciwon suga, wanda addininsa ko likitansa ya hana shi wani abu, abincin wani gubar wani, a tambaya sau ɗaya a asirce a kiyaye, kar a mayar da farantin mutum abun hira. Sannan ka sa ido kan wa yake kwashe kwanuka, in ba a yi jadawali ba zaka ga kullum mata ne ko mafi ƙanƙanta a ofis, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ranar da kai shugaba ka naɗe hannun riga ka wanke kofin da ba naka ba, ta fi jawabi goma.

To me zaka yi a aikace? Ka fara da lokaci. Ka duba ko hutun mutanenka yana haɗuwa, in akwai aikin da ba a bari ba kowa ka raba su gida biyu kuma ka riƙa cakuɗa su, sannan ka hana saka mitin a wannan lokacin, har kai. Sai wuri, ko ɗan lungu ne, tebur ɗaya dogo ya fi ƙanana huɗu, dan ƙaramin tebur abokai ne kawai suke cika shi, dogo kuwa dole wanda ya zo daga baya ya zauna kusa da wanda bai saba da shi ba. A samu abun ɗumama abinci da firij da wurin wanke hannu, sau da yawa rashin waɗannan ne yake sa mutane ci a teburin aiki ba ƙin juna ba. A Faransa ma dokar ƙwadago ce ta hana ma'aikata cin abinci a inda suke aiki, sai a 2021 aka sassauta ta na ɗan lokaci saboda korona. Asalinta dan lafiyar ma'aikatan masana'antu aka yi ta, amma ta sa tashi daga tebur ya zama abun da ba a jin kunyarsa. Kai baka buƙatar doka, ka tashi da kularka ka je can ka zauna, in suka ga oga yana ci a gaban kwamfuta kowa zai ɗauka haka ake so.

Kuma in ka je ka rage baki. Kar ka tambayi aiki, in su suka ɗauko maganar aiki ka saurara, in ka ji wani ya faɗi abun da bai kamata ka ji ba ka bar shi a teburin, rana ɗaya ka yi amfani da hirar tebur ka hukunta wani to ka rufe bakin kowa har abada. Kar ma ka je kullum, sau biyu a sati ya isa, suna buƙatar ranakun da za su yi gulmarka cikin kwanciyar hankali, kuma wannan ma lafiya ce. In akwai masu aiki daga gida, cin abinci a gaban kyamara gaskiya ban taɓa ganin ya yi armashi ba, gara a daidaita ranar da za su shigo ofis tare a bar musu hutun ranar ba mitin.

Su na sama kuma in sun tambaye ka me za a samu, kar ka yi musu alƙawarin riba zata ƙaru kashi kaza. Kace a baka wata uku, tebur ɗaya da na'urar ɗumama abinci. Kafin ka fara ka ƙirga imel nawa ake saka ka a kwafi a sati kan abun da mutum biyu za su iya kashewa da baki, ka rubuta ka ajiye, bayan wata ukun ka sake ƙirgawa. Ka kuma lura da sabon ma'aikacin da za a kawo muku nan gaba, kwana nawa zai yi yana ci shi kaɗai kafin wani ya ja masa kujera.